Safar Ɗan Magriet

Ɗana Wynand, mai taurin kan tsiya, ya ƙi ɗaukar bindiga da aka kira shi aikin sojan dole, gwamnati ta ba shi sharar asibiti shekara shida a wani gari. Ni kuwa na ce wa 'yan cocinmu yana bakin daga, can iyakar Angola.

Ranar Lahadi matan coci suka ɗaure wa sojoji ƙunshin busasshen nama. Maƙwabciyata Magriet, wadda yaƙin ya cinye ɗanta, ta miƙo min na Wynand, har da safar ƙafar da ta saƙa wa marigayin.

Na kai masa. Ya jingine tsintsiya, ya daɗe yana kallon safar.

"Baba, mayar mata, ka faɗa mata gaskiya. Ai ni ne matsoracin, ba kai ba."

Har yau safar tana cikin motata.