Tumatir a Cikin Lulluɓi

Tun da aka sallamo Nagat daga asibiti ta ɗaura gaba da abinci. Mijinta Fikri, tsohon mai aski a unguwar Shubra, in ya kawo wake da gurasa ta kau da kai, in ya kawo kaza ta ce a miƙa wa maƙwabta. Ta rame har awarwaronta na gangarowa gwiwar hannu. Abin da ya fi tsorata shi, ta fara rabar da kayan sawarta, wai ba ta jin za ta ga baɗi.

Wata rana ya yanka mata tumatirin kasuwa, ta ɗanɗana ta tofar. Ta ce wannan ai ruwa ne aka shafa wa jan launi, tumatir sai na bayan gidan babanta a garinsu Fayum, wanda ƙanshinsa ke wuni a hannu. Fikri ya manta rabon da ta yi doguwar magana haka, saboda haka ya riƙe ta gam.

To, bawan Allahn nan ko albasa bai taɓa shukawa ba. Amma ya sa ƙaninta ya aiko da irin tumatir daga Fayum a ɓoye, ya tara gwangwanayen cuku a saman bene, ya shuka. Suka tsiro kuwa, suka yi kore shar. Kullum da safe yana can yana lallaɓa su kamar kan jariri ranar askin fari.

Ana nan sai Ummu Wagdi ta benen da ke kallon nasu ta fito shanya, ta hango su, ta yabe su tas, ba ko "Masha Allah". Duk layin an san idon matar nan, ita ce ta yabi firjin mai shayi ya ƙone a ranar. Fikri ya rataya shuɗin dutsen kare ido, ya yi turare, hankalinsa bai kwanta ba. Sai ya kwaso zannuwan gado ya kafa wa shukar tanti, gefe da sama, ko ƙuda ba ya samun hanya.

Fure ya fito ruwan ɗorawa, ya bushe, ya zube. Wani ya fito, shi ma ya zube. Ko ɗan tumatir ɗaya babu.

Ranar da abin ya ishe shi, ya sauko da busassun furanni a tafin hannu, ya zauna bakin gadonta ya fasa ƙwan. Ya ce ya so ya ba ta mamaki ne, amma idon Ummu Wagdi ya riga shi. Har da 'yar ƙwallarsa. Ta tambayi ruwa, ta tambayi taki, duk ya amsa daidai. Sannan ya ba ta labarin tantin, yana ɗan alfahari.

Nagat ta ɗago kai daga matashi, ta kira shi da alkunyarsa. "Abu Midhat, lulluɓi ka yi wa tumatir? Amarya ce?"

"Saboda ido ne, Hajiya."

"Miƙo min takalmina."

Matar da ko ƙofar falo ba ta zuwa, ita ce ta hau matakalar nan, hannu ɗaya a bango, ɗaya a kafaɗarsa, tana hutawa tana yi masa faɗa. Da suka isa ta fizge zannuwan, ta ga har da na aurensu, faɗan ya ƙaru. Ta kama shuka ɗaya ta girgiza ta da ƙarfi, Fikri ya dafe ƙirji. Ta ce furen tumatir ba ya ɗaukar ciki sai iska ta kaɗa shi ko ƙudan zuma ya taɓa shi, shi kuma ya kulle su kamar 'yan kurkuku. Ta shinshina yatsunta, ta ji ƙanshin gidan babanta. Da suka sauko ta ce ya ɗan ɗumama waken nan.

Daga ranar Fikri ya zama daƙiƙi da gangan. Yau ya ɗauki almakashinsa ya wuce ta gabanta, wai zai yi wa shukar gyaran fuska. Gobe ya cika bokiti da tsakar rana, wai zai yi ban ruwa. Kullum sai ta taso ta biyo shi tana cewa ba ta taɓa ganin mutum marar kan gado irinsa ba, shi kuwa daɗi kamar ya kashe shi.

Da tumatirin farko ya nuna, Ummu Wagdi ta leƙo, wannan karon da "Masha Allah" ɗinta. Fikri ya yanka shi, ya barbaɗa gishiri, ya tsaya yana kallon bakin matarsa. Ta cinye tas, ta dangwale ruwan da gurasa, ta yamutsa fuska.

"Bai kai na Fayum ba," in ji ta. "Ka makara da shuka. Baɗi ni zan zaɓi lokaci, kai dai ka tara gwangwani."

Fikri ya ce to. Ya juya baya ya kama ƙirga gwangwanaye, don kada ta ga idonsa.