Hannu a Kan Sakata

…kuma wai tsakar gidanmu ce wannan. Tamu! An rataye ta a bangon ɗakin baje koli, an haska mata fitila, mutane sai gyaɗa kai suke kamar sun san wani abu. Auta, ke kika zana, ƙanwata, ni na goya ki. To almakashina na cikin jaka, wanda nake yanka yadi da shi. Tun daga shago nake damƙe da shi.

Fuskoki kore, fuskoki shuɗi, kawuna kamar bulo. Mai wanki da igiyar shanyarta, mai gyaran rediyo a kan benci, matar ɗakin ƙarshe tana tsefe wa 'yarta kai. Duk kin karkace su, amma na gane kowa sarai. Kuma babu wanda kika yi wa hannu. Dungu, dungu, dungu. Eh mana, hannun me? Suna zaune Baba ya fito da dutsen guga, ko motsi ba su yi ba.

Jan nan na gindin famfo… Wata mai tabarau tana ce wa mijinta, "Dubi jan nan, farin ciki ke nan." Farin cikin uwarki! Jinin Inna ne. Ni na wanke shi, bokiti uku da tsintsiya, yana bin rariya. Dukan farko kamar tulu ya faɗi. Na biyu ko ihu ba ta yi ba. Zamewa ta yi, haka muka ce a asibiti. Zamewa ta yi, haka muka ce wajen makoki. Shekara ashirin da biyu ke nan, har 'ya'yana na gaya musu kakarsu zamewa ta yi, ke kuma ki shanya mu a bango, gobe su zo su gani? Wallahi sai na farke zanen nan. Daga sama har ƙasa, fiiit, na tsane shi, na tsane ki, kowa ya huta.

Ga Baba can, baƙin curi. Shi ma ba hannu? Dutsen gugar yana sama shi kaɗai. Wace irin ƙarya ce wannan, Auta? Wa kike karewa?

Tsaya… can lungu, bakin ƙofar gida. Yarinya mai rawayar riga. Ita tana da hannu. Yatsu biyar cif, har da farce, a kan sakata.

"Rufe ƙofar nan," Baba ya ce min ranar. Inna ta nufo ni da gudu, zaninta ya kwance, tana kiran sunana — ni kuma na tura sakata. Shekarata goma sha ɗaya! Cewa aka yi in rufe. Kina ƙarƙashin benci, na ɗauka idonki a rufe yake.

Mai gadi ya fara kallona. Almakashin ya fito, ban san sanda na ciro shi ba. Hannun nan ne dai… har tabon ƙunar da ke babban yatsana kin saka.

Na buɗe almakashin. Ban san ta ina zan fara ba.