Hanyar Lafiya Ta Ƙare a Gonar Tattasai

Tun da Zdravko ya aje tuƙin motar bas ya yi ritaya, ya ɗauki alkawari da ƙafafunsa cewa sun gama wahala a duniya. Daga kujera sai baranda, daga baranda sai kujera. Ana haka hukumar unguwarsu, can bayan birnin Plovdiv, ta shimfiɗa wa tsohon layin dogo kwalta, ta shafa masa fenti, ta raɗa masa suna Hanyar Lafiya. An ce tana kai mutum har bakin tafki.

Matarsa Velichka ce ta fara kawo masa labarin, da irin muryar da ba shawara take nema ba.

"Plamen zai zo gobe ku je ku ga hanyar nan."

"Ai na gan ta a talabijin. Ta yi kyau ƙwarai."

"To gobe ka ga bayanta. Kujerar nan ma tana son hutu."

Plamen ƙaninta ne, mai sayar da labule, wanda keke ya aure shi bayan ya ba hamsin baya. Da safe ya iso cikin wasu kaya masu santsi da suka ɗame shi tamkar an ɗura nama a hanji, ga hular kwano mai ramuka, ga baƙin tabarau.

"Yaya, yau za ka san kana da huhu," in ji shi.

"Kai ma yau unguwa za ta san duk abin da kake da shi," Zdravko ya ce yana duban wandon.

Suka kama hanya, Zdravko a ƙafa, Plamen yana tsere gaba yana dawowa don ya ba shi labarin abin da zai gani da idonsa nan da ɗan kaɗan. Gaskiya an yi aiki. An kafa benci yana kallon bangon ma'ajiyar siminti. An kafa allo mai hoton tsuntsayen da ake iya gani a wurin, tattabarai biyu na zaune a kansa suna yi masa ado. Akwai famfon shan ruwa ma, sabo fil, ruwan ne kawai bai samu zuwa ba.

Gidaje suka ƙare, suka wuce filin da ake zubar da tsofaffin tayoyi, ƙafafun Zdravko suka fara tuna masa alkawari. Sai kawai kwaltar ta tsaya cak a jikin wani shingen waya. Farin layin fentin da aka ja a kanta ma nan ya mutu. Bayan shingen gonar tattasai ce ja jawur, can ƙetarenta kuma ana hango kwaltar ta ci gaba abinta kamar ba abin da ya faru.

Plamen ya ciro waya. "Taswira ta ce mu miƙe."

"To ka nuna wa shingen, wataƙila bai sani ba."

Plamen ya saɓa kekensa a kafaɗa ya tura ƙyauren gonar. Bai yi nisa ba wani ƙaton talo-talo ya fito daga bayan rumfa, ya baza jela, ya dubi wandon nan mai ƙyalli ya ga abin bai yi masa ba. Ashe Plamen ya iya gudu ko babu keke. Ya haure shingen can ɓangaren da kekensa, ya bar wa wayar shingen wani yanki na wandonsa, ya hau keke ya nufi tafki ko waiwaye babu.

"Naka ne wancan?"

Wata tsohuwa ce ta yi tambayar, tana zaune gaban murhu tana gasa tattasai. Ita ce Baba Tsonka, mai gonar.

"Ƙanin matata ne, Baba. A cikin kayan aure aka haɗo min shi."

"Allah ya ba ka haƙuri. Shigo ka rufe ƙofa. Hannunka na aiki?"

Kafin ya ba da amsa ta turo masa kujera da roba cike da gasasshen tattasai. Ya zauna yana ɓare baƙin ɓawo, yatsu na ƙuna. Ta ba shi labarin yadda mutanen hukuma suka yi ta sintiri suna roƙon ta sayar da gonar don lafiyar al'umma.

"Na ce musu ni ma al'umma ce, kuma lafiyata ƙalau. Sai suka yi bikin buɗewa daga can farko, inda ba a hango ni."

Suka niƙa tattasan da tumatir, aka ɗora tukunyar lutenitsa, miyar nan tasu mai kauri da ake shafa wa burodi, Zdravko ya yi ta juyawa da muciya har kafaɗarsa ta sage. Rabon da ya yi gumi haka tun yana canza tayar bas. Da ta nuna, ta shafa masa a burodi da ɗan cuku. Ya ci, ya miƙa hannu aka ƙara.

Da la'asar Plamen ya dawo ta babban titi, yana tura keke, hannu ɗaya a bayansa yana rufe ɓarna. Zdravko ya tambaye shi tafki.

"Sun ce sai baɗi za a zuba ruwan," ya faɗa a hankali. "Amma an kafa wurin ɗaure jiragen ruwa."

A gida Zdravko ya aje kwalbar lutenitsar da Baba Tsonka ta ba shi a kan tebur. Velichka, wadda duk layinsu ba a haɗa lutenitsarta da ta kowa, ta buɗe ta sansana, ta ɗanɗana.

"Gishiri ya yi yawa," in ji ta. Ta sake kai cokali. Ta kuma sakewa. "Me ta sa a ciki?"

"Ban tambaya ba."

"Ina za ka tambaya, baki a cike."

Washegari da sassafe ta ɗaura takalmi, ta ce za ta je ta nuna wa tsohuwar nan kurakuranta. Haka maƙwabta suka ga Velichka a gaba tana taku ɗai-ɗai a kan Hanyar Lafiya, Zdravko a baya da buhun tattasai a kafaɗa, masu kekuna suna ta kaɗa masa ƙararrawa ya ba su hanya.