Madarar Masu Feshi

Tun ranar da likita ta ce ciwon daji ne ya kama huhun mijinta, Maman Dogo ba ta ƙara samun inda za ta ajiye ko kofi a kan teburin falonsu ba. Kwalabe ne a jere, da ƙullin leda, da robobin da aka wanke aka ɗura wani abu baƙi ƙirin a ciki. Ga garin zogale, ga kurkur da aka kwaɓa da zuma, ga man habbatus sauda, ga tafarnuwar da aka jiƙa har warinta ya kori ƙudajen gidan. Duk wanda ya zo dubiya da nasa maganin yake zuwa, kuma kowa da labarin wani mutum a wani gari da asibiti suka sallama ya je ya mutu a gida, ya sha wannan ganye, yanzu har noma yake yi. Ba wanda ya taɓa ganin mutumin nan da idonsa, amma kowa ya san ƙanin matarsa.

Shugabar masu kawo magani ita ce Gwaggo, yayar maigidan. Mace ce mai son ƙaninta tsakani da Allah, wannan ba a ƙwace mata ba. Sai dai idan ta shigo da sabuwar kwalba, tana zama ne a gefen gado da cokali a hannu, ba ta tashi sai ta ga maƙogwaronsa ya motsa.

Ba ɗacin magungunan ne ke ci wa Maman Dogo rai ba. Abin da ke cinta, kowa tambayarsa me mijinta zai sha, ba wanda ya taɓa tambayar me ya shaƙa. Mai fentin mota ne tun kafin ta aure shi. Aikinsa a rufaffiyar rumfar kwano yake, don kada iska ta kawo datti ta ɓata feshi, kuma a cikin hayaƙin fenti da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, yake wuni. In ya dawo gida ya fyace hanci, tana iya faɗin launin motar da ya fesa. A da har dariya suke yi wa abin. Kariyarsa ɗaya ce, madarar gwangwani. Da an kashe inji sai ya huda gwangwani ya kwankwaɗe, ya ce ta wanke ƙirji tas. Haka ubangidansa ya koya masa, haka shi ma ya koya wa duk wanda ya taɓa riƙe bindigar feshi a garejinsa, har da ɗansu tilo, Dogo, wanda garejin ke hannunsa yanzu, ga matarsa da ciki.

Ranar da aka je ƙarin ruwan magani, Maman Dogo ta tattara kwalaben nan kaf a buhu, ta dire su gaban likita. Likitar ta cire tabarau, ta dubi buhun, ta dubi mai buhun.

"Duk wannan yake sha, Mama?"

"Wanda aka kawo a satin nan ke nan."

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta ce ba ta raina itatuwa, domin a cikin magungunan dajin da ake sa wa mutane a jijiya akwai waɗanda daga tsirrai aka fara samo su. Amma an tace su, an gwada, an san iya abin da jiki zai ɗauka. Waɗannan kuwa ba ta san me ke ciki ba, kuma wasu kan wahalar da hanta ko su yi karo da maganin asibiti. Wanda abinci ne ya ci a abinci, sauran a dakata.

"To Likita, fentin ne ya jawo masa?"

"Ba zan iya nuna abu ɗaya in ce shi ne ba. Ya sha sigari da ƙuruciya, wannan ma babba ne. Amma shaƙar feshin fenti shekara da shekaru yana cikin abubuwan da aka san suna ƙara haɗarin."

"Madara fa? Suna sha bayan aiki, wai tana wanke ƙirji."

"Madara ciki take zuwa, Mama. Abin da aka shaƙa huhu yake zuwa. Akwai wani naku da ke wannan aikin?"

Maman Dogo ta ce akwai. Kafin su koma gida sai da ta sa mai mota ya tsaya a shagon kayan aiki, ta sayo takunkumin roba irin mai matatar iska biyu, wanda likitar ta kwatanta mata.

Gwaggo ta zo ta tarar da teburi fayau, ta riƙe haɓa. "Ina maganin ƙanina?"

"Yaya, likita ta ce a dakata da su."

"Likita! Su da suka zubar masa da gashi? Ke dai ki ce ba kya son abin da ya fito daga hannuna."

"Ba haka ba ne, Yaya. Ni yanzu Dogo nake ji. Abin da ya kwantar da ubansa shi yake shaƙa kullum. Da za ki yi masa magana, yana jin taki."

"Kul! Kada ki yi wa yaro baki. Ciwo na Allah ne." Ta buɗe jaka ta zaro wata kwalba. "Wannan ma a ɗan ba Dogon, rigakafi ne."

Maman Dogo ta karɓa, don ba a mayar wa yayar miji hannu. Ta shiga kicin ta tsaya gaban tukunyar da ba komai a cikinta, tana huci, har sai da ta ji fitar baƙuwar.

Dogo yakan biyo da yamma in an tashi daga aiki. Ya shigo yana warin tina, shuɗin fenti a girarsa da gefen hancinsa, ya durƙusa ya gaida uwarsa. Ta ajiye masa takunkumin a kan gwiwa. Ya juya shi, ya ƙyalƙyale da dariya.

"Umma, yaƙi za ni?"

"Aiki za ka. Ka sa shi duk sanda za ka yi feshi."

"A cikin zafin rumfar nan? Wallahi kafin in gama ƙofa ɗaya na suma. Kuma mutum bai iya magana a ciki, ga mai mota yana tsaye yana tambaya. Mu da muke shan madara."

"Ubanka bai sha madarar ba? Ai da madara magani ce, da shanu sun buɗe asibiti da abin da ya sha."

"Baba ya sha sigari. Ni ban taɓa ba."

"To sai ka bar wa fentin aikin shi kaɗai ke nan?"

Ya sosa ƙeya, ya ce in sha Allahu zai gwada. Ta san wannan in sha Allahun, tun yana ƙarami da shi yake gudun wanka. Da ya tafi, ta ga takunkumin a kan kujera, an ma ɗora masa matashi don kada ta gani da wuri.

Ta ɗauka ta shiga ɗaki wurin mijinta. Yana jingine da filo, ya rame har agogonsa na yawo a hannu. Magana ma sai ya huta a tsakiyarta.

"Baban Dogo, kai za ka gaya masa. Ni mace ce mai tsoro a wurinsa, kai kuwa ogansa ne."

Ya juya fuska bango. "So kike in je gaban yaran da na koyar... in ce musu abin da na gaya musu shirme ne?"

"Ba shirmenka ba ne, kai ma gaya maka aka yi. Amma yanzu ka sani."

"Likitar ma ta ce ba ta da tabbas."

"Sai an kwantar da shi kusa da kai sannan za a samu tabbas?"

Ta yi kwana da kwanaki tana bin sa da maganar nan, da lallami, da fushi, da kuka, har da ƙin yi masa hira. Wata safiya da jikin ya ɗan yi sauƙi, ya ce ta miƙo masa hularsa.

Da mota ta tsaya a bakin gareji, ma'aikata suka zubar da kayan aiki suka yo kansa. "Oga! Oga ya dawo!" Aka goge kujera, aka kawo ta inuwa, aka zaunar da shi. Mutumin da ya yi watanni ana ba shi abu a cokali, yau ga ƙarti suna durƙusa masa. Maman Dogo ta ga kafaɗunsa sun miƙe, ta yi murna, ta ɗauka ƙarfin faɗin maganar ne ya zo masa. Ta matso kusa, takunkumin na cikin mayafinta.

Sai ga Dogo ya fito daga rumfa da gwangwanin haɗi a hannu, ransa a ɓace. Akwai wata jar mota da ya yi wa feshi, fentin ya ƙi kwanciya, sai tsatstsafowa yake yi kamar ɓawon lemo. "Baba, Allah ne ya kawo ka. Duba mini wannan."

Maigidan ya karɓi gwangwanin. Ya tsoma tsinke ya ɗaga, ya kalli yadda fentin ke ɗiga. Sannan, a gaban idon matarsa, ya kai gwangwanin hanci ya ja numfashi mai tsawo, ya lumshe ido.

"Tinar ba ta da kyau... an gauraya ta. Canza, ka ƙara kaɗan."

Ma'aikata suka ɗauki shewa. "Hancin Oga! Ko inji bai kai shi ba!" Tari ya sarƙe shi, ya duƙa yana riƙe ƙirji, amma yana tarin yana murmushi. Rabon da ta ga wannan murmushin tun kafin ciwon, kuma ba ta taɓa jin haushin murmushi irin na yau ba.

Ta zungure shi da takunkumin. "Baban Dogo. Abin da ya kawo mu."

Ya karɓa, ya dubi yaransa da ke jiran jin abin da Oga zai ce, ya dubi ɗansa. Ta ga maganar ta zo masa har baki. Sai ya miƙa wa Dogo abin, ya ce, "Ungo, riƙa sawa... uwarka ta samu ta yi barci."

Aka yi dariya. Dogo ya rataya takunkumin a wuya kamar sarƙa, ya ce, "An gama, Umma," ya koma rumfa ya ja ƙofar kwano. Injin iska ya tashi.

Maman Dogo ta tsaya, kunnuwanta na zafi. Duk wahalar da ta sha ta ɗauko mutumin nan daga gado, abin da ya iya ke nan, ya mai da maganar rigimar mace. Ta nufi rumfar, ta ture ƙofar, ta shiga ta rufe.

Ciki jan hazo ne, kwan fitila ma da ƙyar ake gani. Warin ya daki maƙogwaronta, idanunta suka kawo ruwa nan take. Dogo na duƙe a gefen motar yana feshi, takunkumin na lilo a ƙirjinsa. Ta jawo wani tsohon bokitin fenti, ta kife shi, ta zauna, ta gyara mayafi.

Sai da ya kai ƙarshen ƙofar motar ya juyo ya gan ta. Ya saki bindigar. "Umma! Me kike yi a nan? Fita, don Allah!"

"Ci gaba da aikinka. Kallo na zo."

"Ba a zama a nan! Wannan abin zai kama miki ƙirji, illa ne da shi!"

"Au, illa ne da shi?" Tari ya katse ta, ta jira ya lafa. "Ni ƙirjina nama ne, naka kuma ƙarfe?"

Ya kama hannunta zai ɗaga ta, ta fizge.

"Duk ranar da ka yi feshi da hanci a buɗe, nan za ka same ni. In na gaji, in turo matarka da cikinta ta karɓe ni. Abin da ka shaƙa mu shaƙa tare."

"Umma, ki yi wa Allah."

"Shi nake yi wa."

Ta bangon kwanon suna jin tarin ubansa a waje, irin mai zurfin nan da ba ya ƙarewa da wuri, ma'aikata na ta sannu Oga, sannu Oga. Dogo ya tsaya yana saurare. Sannan ya ja takunkumin ya rufe fuska, ya ɗaure igiyoyin a ƙeya. Muryarsa ta fito a toshe daga cikin robar.

"Na sa. Ki fita, Umma."

Ta miƙe da ƙyar, ta kai hannu ta ja igiyar gefen kunnensa, ta ƙara matse ta. Ta ce, "Gobe da safe ina nan tafe."