Makarar da Aka Gyara wa Baba

Shekara uku ke nan da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, kuma tun ranar ko tebur bai sake ƙwanƙwasawa ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana buga wa ƙungiyar makaɗa ganguna! Yanzu in an kunna rediyo sai ya ce a kashe, wai kansa na ciwo. Ba wani ciwon kai, kowa a gidan ya san baƙin ciki ne.

Autarsa ma kiɗa take yi, amma na kwamfuta, irin wanda mawaƙan zamani ke zuba baiti a kansa. Baba "danne-danne" yake kiran sana'ar. Wata Asabar da hantsi ta lallaɓa shi har ɗakin aikinta, inda aka manne bango da soso, wayoyi ko'ina sai ka yi hankali da ƙafarka. Ta zaunar da shi gaban wani ɗan akwati mai maɓallan roba goma sha shida.

"Baba, ka tuna kaset ɗin da kuka yi kafin a haife ni? Na yanko wurin da kowa ya yi shiru aka bar ka kai kaɗai. Daƙiƙa shida ne."

"Yanka? Da reza?" Don a zamaninsu haka injiniya ke yi, ya datse zaren kaset ya liƙe.

Ta yi dariya ta ce yanzu ba reza. Amma daga irin wannan wurin sana'arsu ta faro: masu saka faifai a gidan rawa suka lura nan ne jama'a ke haukacewa, sai suka riƙa ɗora faifai biyu iri ɗaya, wannan na ƙarewa su saki wancan, ganga ba ta tsayawa.

Ta kunna. Daƙiƙa shidan suka dinga zagayowa ba ko gaɓa. Baba ya kasa kunne, can ya yamutsa fuska.

"Wannan ba ni ba ne."

"Wallahi kai ne, Baba."

"Gangata ce, na ji. Amma mai bugun soja ne yake fareti. Me kika yi masa?"

Ta nuna masa layukan da ke jikin allon kwamfutar. "Bugunka na biyu da na huɗu suna ɗan makara, shi ne na sa na'ura ta jawo su kan layi. Ɗan gyara ne kawai."

"Gyara!" Rabon da a ji muryarsa haka tun kafin ciwon. "Ke, shekara bakwai na yi ina koyon makarar nan! A ɗan tsakanin nan mai rawa ke sauke ƙugu. Kin share wa mutane wurin aje ƙafa!"

Kunya ta kama Auta. Ta danna sau ɗaya, komai ya koma yadda yake.

Ikon Allah! Ga Baba nan, ɗan shekara talatin, da hannu biyu, har ɗan numfashin da yake ja kafin ya sauke sanda yana ciki. Shi da ya ɗauka hannun nan ya tafi ke nan, ashe yana ajiye cikin zaren kaset, bai tsufa ko da kwana ɗaya ba.

Auta ta tsayar da kiɗan, ta turo masa akwatin. Ta ce ta raba bugun ɗaya-ɗaya, kowane maɓalli da nasa, kuma ta kashe mai gyaran. Baba ya ji tsoro, tsoro sosai, kada ya gwada ya kasa a gaban 'yarsa. Ya daɗe kafin ya sa ɗan yatsan hagu. Babbar ganga ta amsa har cikin ƙirjinsa. Ya taɓa na kusa, ƙaramar ta yi tas! Ya yi tuntuɓe sau biyu, ya ja tsaki, ya gyara zama. A na uku yatsun suka kama hanya.

Inna, matarsa, ta turo ƙofa da kofin shayi a hannu, kafaɗarta na motsi ba ta ma sani ba. Bayansa kawai take gani.

"Auta, kashe kaset ɗin nan, kin san ba ya so."

"Ba kaset ba ne, Inna," in ji Auta. "Shi ne."