Ɓawon Gyaɗa da Rijiyar Inna Saude

Tun da likita a Kano ya ce akwai gubar dalma a jinin Lami, Inna Saude ta daina ba jikar tata ruwan rijiyar gida. Wani mai fasa tsofaffin batiran mota ne ya shekara biyu yana aiki a kangon bayan gidansu a Rogo Sabon Gari. Ya tashi tun bara, amma abin da ya zubar ya riga ya bi ƙasa ya shiga rijiya. Burtsatse kuwa tana can bakin kasuwa, ga layi, ga ciwon gwiwa.

Ranar Juma'a autarta Radiyya, wadda ke karatun kimiyya a jami'a, ta sauka daga acaɓa. Da suka gama gaisawa, sai ta tsaya kan tulin ɓawon gyaɗa da aka tara a zaure don hura wuta.

"Inna, kar a taɓa wannan. Ruwa zan tace da shi."

"Da ɓawo?"

"A kansa nake bincikena. Gawayinsa yana kama dalma."

Inna dai ta ba ta tukunya. Radiyya ta wanke ɓawon, ta shanya, ta gasa shi a rufe har ya zama gawayi, ta daka. Yayanta Nasiru, mahaifin Lami, ya huda gindin wata sabuwar ganga ya sa mata famfo. Suka jera tsakuwa, da yashi, da garin gawayin a ciki, suka zuba ruwan rijiya. Ruwa ya fara ɗigowa garau.

Inna ta miƙa moɗa, Radiyya ta riƙe hannunta.

"Tukuna, Inna. Dalma ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano. Sai an auna."

Ta cika kwalba da ruwan, ta kai Kano aka auna. Awon farko bai yi daɗi ba. Gubar ta ragu, amma da saura. Radiyya ta dawo jiki a sanyaye, ta ninka gawayin, ta rage gudun ruwan, ta sake cika kwalba ta koma Kano.

Kwana tara Inna tana yawo da waya a ƙugu. A na goma da hantsi, tana tsince wake, wayar ta yi ƙara.

"Inna, sakamako ya fito. Ya sauka ƙasa da ma'aunin da aka amince da shi."

"Yi mini gwari-gwari, 'yar nan."

"A sha, Inna. Amma duk mako biyu a canza gawayin. Tsohon kuma kar a kai shi gona ko murhu, a rufe mini shi a bokiti. Kowane wata zan riƙa aunawa."

Inna ta ture faifan waken, ta zauna dirshan a tabarma. Ta daɗe tana hamdala, hawaye na bin kuncinta. Lami ta taho ta jingina da ita tana tambayar wa ya dake ta.

"Ba kowa," in ji Inna tana dariya. "Tashi mu dama fura, tun safe ban sa komai a bakina ba."