Mai Gadin Tsuntsayen Teku

Tsibirin da Hafeni yake aiki dutse ne zalla a cikin ruwan sanyi, daura da gaɓar Namibiya. Babu bishiya, babu rijiya, babu mutum sai shi. Sai tsuntsayen teku dubbai, farare masu rawayen kai, suna ƙyanƙyasa a kan kashinsu. Aikinsa shi ne ya sa wa 'ya'yan zoben ƙarfe a ƙafa, ya kuma duba zobban manyan da suka dawo, don masu bincike su san inda suke zuwa idan sun bi gaɓa sun yi arewa. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne korar karnukan teku, dabbobin nan masu kitse da haushi. Muddin suna ganin mutum yana zagawa, ba sa hawowa. In aka bar wurin ba kowa, sai su mamaye shi, su murƙushe ƙwai, tsuntsaye su watse. An yi haka a tsibirin da ke kusa, har yau ba su koma ba.

Ran nan da hantsi jirgin da ke kawo masa ruwan sha da garin masara ya iso. Yana cikin jawo buhu sai ya ga 'yarsa Ndinelao tana hawowa ta tsanin igiya daga jirgin, ta jiƙe sharkaf.

"Sarkin tsuntsaye, ga baƙuwa na kawo maka," in ji Gowaseb matuƙin jirgin daga ƙasa. "Ka ɗan yi nesa da ita, warinka har nan muke ji."

Hafeni bai san me zai yi da hannuwansa ba. Ya kai ta ɗakinsa, ya dafa shayi, ya ba ta kofin, don guda ɗaya gare shi.

"Baba, ranar Asabar za a ɗaura min aure," ta ce. "Na aiko maka saƙo ta rediyon ofishinku, ka ce za ka duba. Shi ya sa na tako da kaina. Ɗauki rigarka mu tafi."

Ya fita ya leƙa jirgin. "Gowaseb, ina wanda aka ce zai canje ni?"

"Matarsa ta hana. Ka ga shi yana da mai hana shi. Ku yi sauri, ruwa ya fara tashi."

Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa. "'Yata, tsuntsaye suna kwanci a kan ƙwai yanzu. In na ɗaga ƙafa, kafin jirgi ya dawo da ni an gama da su."

"Haka ka ce ranar da aka binne Mama."

"Lokacin ma ƙwai ne."

"Na sani. Kullum ƙwai ne." Ta ajiye kofin. "Kowane tsuntsu ka san inda yake kwana a Angola. Kai ko zobe ba sai an sa maka ba, ba inda kake zuwa."

Maganar Hafeni gaskiya ce, da ya tafi da tsuntsayen sun watse. Amma ba ita ce duka gaskiyar ba. Sau da yawa an ba shi hutu a watannin da babu ƙwai, ya ƙi karɓa. Mutum yakan ɓuya a bayan aikin kirki kamar yadda wani ke ɓuya a gidan giya, bambancin kawai shi ba mai zaginsa.

"Kawu zai tsaya a madadinka," ta ce. Ta sauka ta tsanin ba ta waiwaya ba. Gowaseb ma wannan karon bai yi tsokana ba.

Hafeni ya ɗauki sandarsa ya zaga gaɓa, ya kori karnuka biyu da suka hau dutse. Tsuntsayen suna nan lafiya, suna ta ihunsu, babu wanda ya kalle shi. Sai da jirgin ya ɓace a cikin hazo ya tuna bai tambayi sunan angon ba. Ya shiga ɗaki ya zauna gaban rediyo, ya daɗe da hannu a kan rediyon. To, da wane baki mutum zai tambayi ma'aikacin ofis sunan mijin 'yarsa? Ya tashi ya wanke kofin, ya mayar da shi kan ƙusa.